Kwanan Wata a Cikin Murfi

Yayana ba ya iya ganin igiya a yashe ya wuce. Tun muna gida ɗaya haka yake. Inna za ta kwance igiyar shanya ta wurga kan taga, shi kuma ya bi bayanta ya ɗauka, ya naɗe ta a gwiwar hannu, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa, ya rataye a ƙusa. Inna takan ce yaron nan ko ranar tashin ƙiyama sai ya tsaya naɗe wani abu. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ya tsaya mini a matsayin uba, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Auta har yau da furfura ta fara leƙo mini a gefen kai. A wurin aiki Tsanaki suke kiransa, rabi girmamawa rabi tsiya.

Da wayar tarho ta jan ƙarfe ya fara, wadda ake ja daga falwaya zuwa falwaya. Shekara goma sha biyu yana hawa yana sauka, har tafin hannunsa ya yi kanta. A zamanin ne ya auri Anti, a zamanin aka haifa masa 'yan mata uku. Da wayar hannu ta zo, tsohon kamfanin ya mutu a tsaye, Yaya ya koma gida yana gyaran fanka da dutsen guga a baranda. Matan unguwa har sarƙar wuya suke aiko masa in ta cukurkuɗe, ya zauna da allura ya warware, bai taɓa tsinka ko ɗaya ba. Yana gab da cika arba'in wani sabon kamfani ya zo yana binne kebul a ƙarƙashin tituna, aka ce ana neman masu hannu. Ya je ya zauna a aji mako uku tare da samarin da ya kusa haifa, ya fito da takardar shaida da gilashin ido.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don in ba a gane shi ba, ba za a gane abin da muka yi wa mutumin nan ba. A cikin kebul ɗin zaruruwa ne na gilashi, kowanne kaurin silin gashi, kuma haske ne ke gudu a ciki yana kai magana da hoto. Kebul ba ya zuwa da tsawon gari, dole a yi ta haɗa wani da wani, zare da zare. Wurin haɗin yana cikin rami mai murfin siminti a gefen titi, a cikin wata baƙar roba mai siffar tulu, don haka tulu suke ce mata. In ka buɗe tulun za ka ga tire-tire na roba wani bisa wani, kowane tire da ɗan murfinsa, kowanne yana ɗauke da haɗi goma sha biyu.

Makon da na fara aiki a ofishin kamfanin aka tura ni in bi shi fita, wai ma'aikatan ofis su ga abin da suke rubutawa. Na ga ikon Allah. Ya ɗaga siminti, ya jawo tulu waje, ya kafa ɗan tebur mai naɗewa a inuwar mota, sannan ya wanke hannu da sabulu sau biyu kamar mai shirin shiga tiyata. Ya fere zare, ya goge da auduga, ya datse bakinsa, ya sa a inji. Inji ya yi ɗan tartsatsi, zare ya haɗe. Ban ƙirga goma ba an gama.

"Shi ke nan?" na ce. "Wannan ne ake ta yi mana fankama da shi a gida?"

"Wannan ai inji ne ya yi, Auta. Ko ke za ki iya. Aikin yana wurin ajiya."

Ajiyar ce ta cinye mana yini. Kowane zare sai ya bar masa rarar mita ɗaya da rabi, don in wata rana an zo gyara a sami abin yankawa. Rarar nan zai naɗe ta a cikin tire a hankali, kuma ba ya yarda zagayen ya gaza bakin kofin shayi, domin in aka lanƙwasa zaren da yawa hasken yakan zube, layi ya riƙa numfashi sama-sama. Zaruruwan launi-launi ne, kuma da jerinsu: shuɗi ne farko, sai ruwan lemo, sai kore, haka har goma sha biyu. Kowane haɗi ya shiga gurbinsa, kowane tire ya sami lamba. Da ya gama sai ya zaro biro daga bayan kunne, ya rubuta kwanan wata a wani farin tef da ya manna a cikin murfin tulun, ya sa alamarsa a gefe.

"Wa zai karanta wannan a cikin rami?" na ce.

"Wanda zai buɗe bayana. Ya san yaushe aka taɓa, kuma wa ya taɓa."

Ban ja da shi ba, yunwa nake ji.

Ni ma shi ya samo mini aikin. Bayan rasuwar mijina na dawo da yaro ɗaya a hannu da takardar koyon buga rubutu da ta daɗe a ƙasan akwati. Yaya, wanda ko ashana bai iya roƙo a maƙwabta ba, ya je ya tsaya a ƙofar manajan wancan lokaci kwana uku a jere. Aka ba ni teburin ƙorafi. Mai layi ya kira ya ce abinsa ya mutu, in buɗe takarda a kwamfuta, tikiti muke ce mata, in tura wa mai haɗin da shiyyar take hannunsa, in ya gyara in rufe. Shekara tara na yi ina wannan kafin abin ya faru. Na san hannun kowane mai haɗi ba sai na leƙa rami ba, tikiti kawai zan duba.

Masu haɗi shida ne, kowa da shiyyarsa. Akwai wanda muke kira Yanzu-Yanzu, don duk abin da ka ce masa amsar ke nan. Mutumin kirki ne, mai barkwanci, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma tulunsa in ka buɗe sai ka rantse taliya aka juye a ciki. Yakan yanke rara don ta daina damunsa, ya cusa sauran, ya danne murfi da gwiwa, ya hau babur. Bayan wata biyu layin ya mutu, a kira, ya koma a guje, ya gyara cikin minti ashirin, masu shago su yi ta sa masa albarka. Garin gyaran wannan kuma ya taɓo na kusa da shi, wanda zai mutu wata mai zuwa. Shiyyarsa ba ta taɓa barina na sha shayi da zafinsa ba.

Shiyyar Yaya kuwa, daga shataletale zuwa tankin ruwa, tulu arba'in da ɗaya, sai in yi mako uku ban ji ɗuriyarta ba. Kuma ba zaman kashe wando yake yi ba. Kullum yana kan ƙafa. Ya kwashe ruwan da ya taru a rami, ya canja robar bakin tulu tun ba ta tsage ba, ya tsaya a kan masu haƙar magudanar ruwa cikin rana yana nuna musu inda kebul ya bi, har su gaji su ce, "Baba, mun ji, don Allah je ka huta." Duk wannan ba shi da tikiti, tunda babu mai kiran ofis ya ce layinsa lafiya lau yake.

Sai aka kawo mana sabon Manaja. Mutum ne mai tsafta, mai turare, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, bai kuma taɓa leƙa rami ba. Abin da ya fara kawowa farin allo ne, aka kafa a bangon ofis. Kowace Litinin in rubuta sunayen masu haɗi da yawan tikitin da kowa ya rufe, mai yawa a sama. Yanzu-Yanzu talatin da ɗoriya. Yaya biyu, wani makon ɗaya, wani makon in zana ƙwai a gaban sunan yayana da hannuna. Shi kuma Yaya ya shigo ya dubi allon ta saman gilashinsa ya ce, "Madalla," don a wurinsa ƙwan nan shi ne cikar aiki. Haushinsa nake ji a lokacin, wallahi har wuya.

Na taɓa gwada yi wa Manaja bayani.

"Yallaɓai, shiyyar Tsanaki ba ta lalacewa ne, shi ya sa."

Ya yi murmushin wanda ya kama mutum da bakinsa. "To in ba ta lalacewa, me muke yi da mutum a can?"

Amsar tana nan, na san tana nan, amma sai da na hau motar komawa gida ta zo mini, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Farkon watan da abin ya faru aka tara mu aka karanta takarda daga babban ofis. Binne kebul ya ƙare, masu haɗi shida sun yi yawa, biyu daga ciki za su tafi ƙarshen wata. Allon ne zai yanke hukunci, tikitin wata uku za a haɗa. Manaja ya ce haka ya fi adalci, lamba ba ta san ɗan'uwan kowa ba, ya ɗan kallo wajena. Ni aka sa na haɗa. Yaya ya zo na biyar, kuma wanda ke ƙasansa wata biyu ya yi kwance a asibiti. Na huɗu, wanda zai tsira, tikiti shida ya fi shi. Shekarun Yaya hamsin da uku a lokacin, babbar 'yarsa tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya, biyun suna sakandare. Wa zai ɗauki mai furfura da gilashin ido sabon aikin zare?

Ranar Asabar na je gidansa. Anti tana kicin tana yanka albasa, yaran suna faɗa a kan rimot. Na same shi a baranda yana warware wayar cajin ƙaramarsu da ta ƙulle. Na ja kujera kusa, na rage murya.

"Yaya, tikiti shida. Mako uku ya rage."

"Na ga allo."

"To me za ka yi?"

"Me zan yi kuwa? In je in roƙi kebul ya tsinke?"

"Ba sai ka roƙa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na riga na fara, sai na ƙarasa. Na ce tulu arba'in da ɗaya ne a hannunsa, babu wanda ya san cikinsu sai shi. Ya taɓa zare ɗaya, washegari da safe a kira, ni ce a tebur, in tura masa, kafin ƙarfe tara ya gyara. Sau shida, sau bakwai. Wa aka kashe? Yanzu-Yanzu kullum haka yake yi, bambancin kawai shi bai san yana yi ba.

"Auta," ya ce, "kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani sarai."

"Ni in sa hannu in ɓata abin da na ajiye?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ina da baki, kowa a danginmu ya sani, kuma ranar na yi amfani da shi duka. Na ce shekara goma sha huɗu yana naɗe zare a cikin rami don kyankyasai su yaba. Na ce in an sallame shi ya kwaso tire-tiren nan ya dafa wa yaran. Na ce girman kai ne yake kira tsanaki, kuma Anti da 'yan matan nan su za su kwashi wahalarsa. Ya gama naɗe wayar cajin, ya ajiye a kan taga, ya shige ciki. Anti ta leƙo da wuƙa a hannu ta ce, "Ku biyun nan kuma me ya haɗa ku?" Na ce hira ce.

Mako guda bai yi mini maganar ba. Litinin da ta biyo Manaja da kansa ya ɗauki jan alƙalami ya ja layi a ƙarƙashin suna na huɗu. Yaya ya daɗe tsaye gaban allon, bai ce madalla ba. Ranar Lahadi da la'asar ya kira ni a waya.

"Gobe da safe ki sa ido. Shagon kujeru na bayan shataletale."

Ya kashe kafin in ce komai. Daga baya na ji yadda ya zaɓa. Kwana biyu ya yi da littafinsa yana bin zare ɗaya-ɗaya. Wannan na ɗakin shan magani ne, a'a. Wannan makaranta ce, a'a. Wannan na tsohuwar da ɗanta ke kiranta daga ƙasar waje ne. Ya tsaya a kan shagon kujeru don ba sa buɗewa Lahadi. Kuma bai yanke ba, zuciyarsa ba ta iya ba. Ya zaro zare ɗaya daga naɗinsa ya kwantar a bakin tire, ya rufe ɗan murfin a kansa don ya cije shi, haske ya ragu. Gyaran minti ɗaya ne.

Litinin ƙarfe takwas da minti goma wayar tebur ta yi ƙara. Shagon kujeru. Na buɗe tikiti. Ta taga ina hango Yaya a harabar ofis, jaka a kafaɗa, injin haɗi a hannu, yana tsaye kusa da babur ɗinsa. Na kai yatsa kan sunansa ke nan na ji ƙamshin turare a bayana.

"Shagon kujeru ne?" in ji Manaja. "Tura wa Yanzu-Yanzu."

"Yallaɓai, shiyyar Tsanaki ce."

"Na sani. Mai shagon ya kira ni a wayata sau biyu tun ina hanya. Yau ba ni da lokacin wanke hannu da sabulu. Tura wa Yanzu-Yanzu."

Da na ce na riga na tura, da na ce Yanzu-Yanzu yana da wani aikin, da na yi kowace irin ƙarya, da ya wuce abinsa. Na tura. Na ga Yanzu-Yanzu ya duba wayarsa, ya daki kafaɗar Yaya da wasa, ya hau babur ya fita. Yaya ya bi shi da kallo har ƙofa, sannan ya ɗago ya dubi tagata. Na sunkuyar da kai kan kwamfuta.

Dokar kamfani ce mai gyara ya ɗauki hoton tulu kafin ya taɓa da bayan ya gama. Ƙarfe goma Yanzu-Yanzu ya dawo yana washe baki, yana ɗaga waya sama.

"Jama'a ku zo ku gani! Yau na kama Tsanaki! Murfi ya ciji zare! Ashe shi ma ɗan Adam ne!"

Babu mugunta a ciki, murna ce irin ta ɗalibin da ya ga malam ya yi kuskure a allo. Aka taru ana dariya. Manaja ya karɓi wayar yana murmushi, ya sa yatsa biyu ya buɗa hoton, sai murmushin ya ɗauke. A gefen hoton ga murfin tulun a ajiye, farin tef yana kallon sama. Layi huɗu ne a kai, da kyakkyawan rubutun nan da kowa ya sani. Uku na shekarun baya ne. Na huɗu kwanan watan jiya, Lahadi, ranar da babu aiki babu tikiti, da alamarsa a gefe.

Lokacin tashi na tare Yaya a bakin ƙofa, raina a ɓace, sai ka ce shi ya yi mini laifi.

"Yaya, don Allah kai wane irin mutum ne? Ka je ka yi abu a ɓoye, ka sa hannu?"

Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi. "Ban san na rubuta ba, Auta. Wallahi sai a hoton nan na gani."

Laraba aka zauna a ɗakin taro. Manaja, da wata mata daga babban ofis mai kula da sha'anin ma'aikata, da Yaya a kujera ɗaya a gabansu. Ni kuma a gefe da kwamfuta, don ni ke rubuta abin da aka faɗa a kowane zama, kuma ba wanda ya ga dalilin canjawa. Na so in ce ba ni da lafiya, na ji tsoron kada a tambayi wace irin cuta ce.

In faɗi gaskiya, Manaja ya buɗe masa ƙofa. Ba ya son hayaniya, ba ya son a rubuta cewa an yi ɓarna da gangan a ƙarƙashinsa. Ya tura masa takardar da aka riga aka buga.

"Malam Tsanaki, kai dattijo ne, ba ma son tozarta ka. Abin da muka fahimta shi ne ka je duba tulun da kanka ranar Lahadi saboda ƙwazo, garin rufewa murfi ya matse zare ba ka lura ba. Kuskure ne, ido ya fara gajiya, kowa yana yi. Ka sa hannu a nan, ka tafi cikin mutum biyun da za a rage, da takardar shaida mai kyau. Wani kamfanin zai ɗauke ka."

Na ɗago na kafa masa ido, ina roƙonsa a zuci ya ɗauki biron nan. Yaya ya gyara gilashi, ya bi takardar daga sama, leɓensa yana motsi. Ya kai wani layi ya tsaya, ya ɗora yatsa a kai.

"Nan an ce sakaci."

"Kalmar ofis ce kawai."

"Yallaɓai, murfi ya ciji zare, wannan kuskuren wanda ya yi mako ɗaya a aiki ne. Tiren da na rufe ya fi dubu. Kafin in rufe sai na bi bakinsa da yatsa sau biyu, ko idona a rufe." Ya tura takardar ta koma. "Hannuna bai yi sakaci ba. Da gangan na yi."

Matar babban ofis ta ajiye bironta.

"Malam, ka san bambancin abin da ka faɗa da abin da ke takardar nan?"

"Na sani, Hajiya."

"Don me ka yi?"

"Don in sami tikiti."

Manaja ya jingina da kujera ya shafa fuska. Sai ya yi tambayar da nake jira tun Litinin, kuma bai kalle ni ba.

"Tikiti daga tebur yake fitowa. Da wa kuka shirya a ofis?"

Yatsuna suna kan madannai. Na tuna ɗana, na tuna ɗakin haya, na tuna duk abin da matsoraci ke tunawa don ya ba kansa gaskiya.

"Ba kowa," in ji Yaya. "Shiyyata ce, na ɗauka ni za a tura wa."

"Ba wanda ya ba ka shawara?"

"Mai shekara hamsin da uku wa zai ba shi irin wannan shawara? Ni kaɗai ne."

Na buga: Ya ce shi kaɗai ne. Ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba.

Ba a kira 'yan sanda ba, Manaja ya ce an bar shi darajar furfura. Ni ban sa baki ba, ba a ma tambaye ni ba. Washegari Yaya ya kawo kayan aiki, ya goge injin haɗi tas, ya jera komai a kan kanta. Ya miƙa littafinsa na tulu arba'in da ɗaya, Manaja ya ce ya riƙe abinsa, komai yana cikin kwamfuta. Yanzu-Yanzu ya bi shi har bakin titi yana share hawaye yana cewa, "Baba, wallahi da na lura da tef ɗin nan da na juya murfin." Yaya ya dafa shi ya ce ya riƙa barin rara.

Takardar da aka ba shi ta ce an kore shi saboda lalata kayan kamfani da gangan. Masu haɗin zare a garin nan ba su cika mota ɗaya ba, kafin ƙarshen mako kowa ya ji. Kamfani biyu ya je. A na farko aka ba shi kujera da ruwa, aka ce za a kira. A na biyu mai gadi ne ya sallame shi. Daga nan bai sake zuwa ko'ina ba, ya koma gyaran fanka. Babbar 'yar ta gama makaranta da ƙyar da jiɓin goshi, Anti ta fara ɗinki.

Shiyyarsa aka raba wa mutum biyu. Shekarar farko shiru, aikin Yaya yana riƙe da kansa. Yanzu shekara ta uku ke nan, kuma daga shataletale zuwa tankin ruwa tikiti goma sha biyar a mako ba abin mamaki ba ne. Watan jiya babban ofis ya aiko wa Manaja takardar yabo, wai ofishinmu ya fi kowanne saurin rufe ƙorafi. Ni na riƙe masa firam ɗin da aka sa ta a ciki yana buga ƙusa.

Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na sami sauƙi. In na je sai ya ce, "Auta, ya aiki? Ya ɗan nawa?" ya sa a kawo mini kujera. Wani lokaci in ga bakinsa yana son tambayar wani tulu, sai ya haɗiye. Na sha shirya magana a mota, in ce yau zan faɗa wa Anti komai, in iso ƙofa ta narke.

Makon da ya wuce na same ta ita kaɗai a kan keken ɗinki, Yaya ya fita kai wa wani fanka. Ta tsayar da keken ta ce in zauna. Ta ce shekara uku tana juya abin nan a ranta. Ta san mijinta, ba zai wayi gari haka kawai ya ɓata aikinsa ba, wani ne ya zuga shi. Ta tambaye shi har ta gaji, ya ce ba kowa. Ko wane ne ta bar shi da Allah, kuma ba ta taɓa idar da salla ba ta kai ƙararsa ba. Sannan ta kamo hannuwana biyu, idonta ya ciko.

"Ke dai Allah ya saka miki da alheri, Auta. Ya gaya mini da ba don kina ofishin nan ba, da 'yan sanda aka kira masa. Ya ce ke kika tsaya masa."

Ta riƙe ni tana jira in yi magana.

Na ce, "Ba komai, Anti. Ai yayana ne."